Auduga a Kafaɗar Hagu

Wauta ba baƙuwata ba ce. Na taɓa ɗinke wa wani ango aljihu ta ciki, ya je wajen ɗaurin aurensa yana ta laluben inda zai zuba goro. Na taɓa yanka shaddar liman da awon ladan. Irin waɗannan ni da kaina nake ba da labarinsu a zaure, a yi dariya har a share hawaye. Amma akwai wadda ban taɓa bayarwa a zaure ba, domin ba rashin iya aiki ne ya jawo ta ba. Da gwaninta na yi ta, kuma wanda na fi so a duniya na yi wa.

Ni tela ne, a nan cikin ganuwa, wajen Ƙofar Kuyambana. Boko ban yi nisa ba, tun a ajin ƙasa aka sallame ni bayan da malaminmu ya sa hannu a aljihu ya ci karo da ƙadangare. Daga nan aka miƙa ni zauren ƙanen babana, kuma a kan keken da ya bar mini nake har yau. Abin da aka san ni da shi ba kyan aikin wuya ba ne, akwai waɗanda suka fi ni a unguwar Kusfa. Ni rufin asiri na iya. In Alhaji ya zo da tumbi kamar randa, na san inda zan saki yadi ya fita kamar mai azumin nafila. In mutum ƙafarsa guda ta ɗan fi guda, sai in gyara kalmasar wando yadda ko matarsa ba za ta lura ba. Ba na rubuta awo, idona da yatsuna ke riƙewa. In mutum ya tafi kuma, in kwaikwayi tafiyarsa ga 'yan zaure. Halina ke nan, ban ce mai kyau ba ne.

Jikana ɗan fari ne a wajen babban ɗana. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaga ido ya dube shi a gaban mutane. Da aka yaye shi sai aka kawo mana shi, ni da kakarsa. Uban ma'aikacin gwamnati ne, daga baya aka mayar da shi Kaduna ya tafi da iyalinsa, yaron ya zauna. Da kakarsa ta rasu, sai ya zama daga ni sai shi. In uban ya zo gida sai ya gaishe ni, ya dubi bango, ya ce, “Baba, ya abokin naka?” Yaron yana tsugune a gefensa, amma ni ake tambaya. Ina kiran yaron Maigida, shi kuma yana ce mini Tsoho. Da safe zai leƙo ya ce, “Tsoho, ashe ka kwana? Na riga na sa wa keken nan rana.” In ce masa sai dai ya gaji allura.

Ka ga ke nan duk duniya babu mai duban jikin yaron nan sai ni. Ni nake auna shi kowace Sallah.

Wata Sallah, yana shekara goma sha uku ko kusa da haka, na ɗora tef a kafaɗunsa sai na ji hannuna na hagu ya sauka ƙasa da na dama. Na ce, “Maigida, tsaya sosai mana, kamar wanda aka aika sata.” Ya ce ai a tsaye yake. Na zagaya bayansa. Kafaɗar dama ta ɗan ɗaga, allon kafaɗar ya turo kaɗan, ƙugun kuma ya ja gefe guda. Ba abu ne mai yawa ba. In ba wanda ya ƙare rayuwarsa yana shafa kafaɗun mutane ba, ba zai gani ba.

Ban ce masa komai ba. Da ya fita na yanka shaddar, na rage tsawon gefen hagu da ɗan yatsa, na shimfiɗa auduga siririya a cikin shafin kafaɗar hagu, na bi ta da ƙananan ɗinki don kada ta dunƙule in an wanke. Ranar idi ya sa rigar ya tsaya a ƙofar gida kamar an zare shi daga kwali. Na dube shi na ce a raina, kai, akwai tela a garin nan.

Zan faɗi dalilaina, ba don sun wanke ni ba. A unguwarmu in yara suka raɗa maka suna, da shi za a sanar da rasuwarka. Akwai wani bawan Allah da muka taso tare mai ɗan doro, ya yi karatu, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya, amma har ya koma ga Allah da doron ake kwatancen gidansa. Ni ma ina cikin waɗanda suka raɗa masa. Wannan dalilin shi nake gaya wa kaina. Na biyun kuwa shi ne na ɓoye. Tun yana ƙarami nake zaunar da yaron a kan keke yana mini kalmasa da sa maɓalli bayan ya dawo makaranta, a duƙe, har la'asar. Na tabbata ni na lanƙwasa shi. In uban ya gane, ba zai yi mini faɗa ba, ba irinsa ba ne. Zai dai ce makarantun Kaduna sun fi kyau, ya sa shi a mota. Ni kuma in zauna da keke da gizo-gizo.

Sallah ta gaba audugar ta ƙaru. Ta gaba da ita na koma sa soso, irin wanda ake sa wa kwat. Na fara yanka bayan rigar da ɗan faɗi ta dama don ta sauka a kan haƙarƙarin da ya turo ba tare da ta kama ba. Kayan makarantarsa ma na hana a kai wa wani, na ce telolin yanzu ba su iya komai ba sai duba waya. In na ga ya sa 'yar rigar ƙwallo mai kama jiki, sai in yi ta tsokanarsa, in ce ɗan malamai ya koma ɗan dambe, har ya ji kunya ya ɗora jamfa a kai.

Sau ɗaya na nemi shawara, shi ma da ƙarya. Akwai mai ɗori a bayan masallacinmu, abokin wasana ne tun muna yara. Na same shi yana shafa wa wani ɗan acaba man shanu a gwiwa, na jira ya gama, na ce wani mai kawo mini ɗinki ne daga ƙauye ɗansa ya ɗan karkace. Ya ce, “Faɗuwa ya yi?” Na ce a'a. Ya ce, “To ni abin da ya karye nake haɗawa. Wanda bai karye ba ya lanƙwashe, ba nawa ba ne, a kai shi asibiti a yi masa hoto.” Sannan ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, “Kai tun yaushe ka fara tausayin mutanen ƙauye?” Na ce tun da suka fara biya a kan lokaci. Muka yi dariya, na dawo zaure na ci gaba da abin da nake yi.

Abin ya fito fili ne bayan wata babbar Sallah, yana kusan sha shida. Samarin unguwa suka tafi hawan dutsen Kufena kamar yadda suka saba, ya bi su. Ya dawo yana jan ƙafar hagu, ya ce ya ɗan zame ne yana saukowa. Na ba shi man zafi. Washegari a masallaci, uban yana gida hutun Sallah, suna sahu ɗaya. Liman ya yi ruku'u, kowa ya duƙa, yaron ya tsaya a rabi, ya dafa cinya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da muka fito uban ya biyo ni, ya dubi takalminsa, ya ce, “Baba, abokin nan naka, me ya samu bayansa?” Na ce targaɗe ne. Ya ce, “Gobe in ka yarda a kai shi a duba.” Ban da hanyar cewa a'a.

A babban asibiti muka ƙare, bayan an tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Likitar ƙashin mace ce, ba za ta wuce sa'ar autata ba. Ta ce yaron ya cire riga. Ya dube ni tukuna, sannan ya cire ya rataye a bayan kujera. Ta ce ya haɗa ƙafa ya duƙa iya yadda zai iya. Da ya duƙa, haƙarƙarin dama ya taso kamar an kifa ƙaramar ƙwarya a ƙarƙashin fata, ƙashin bayan kuma ya bi ta gefe ya dawo, kamar ɗinkin ɗan koyo.

Ni na san abin da ke wurin. Ɗana nake kallo. Rabonsa da ganin bayan yaron nan tun ana yi masa wanka a kwano. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba.

Aka yi hoto, aka sake yin wani wanda ake tura mutum cikin na'ura kamar rami. Ranar da muka koma ta manna hotunan a jikin fitila ta yi mana bayani da Hausa, don ta ga alama Turancin a kan ɗana kaɗai yake sauka. Ta ce matsala biyu ce. Ƙashin baya guntu-guntu ne an jera, tsakanin kowane biyu akwai ɗan matashi na guringuntsi. Guda daga cikin na ƙasa ya ɗan fito daga mazauninsa yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa, shi ne ciwon da ke jan ƙafar. Wannan ta ce da sauƙi, yawanci magani da hutu da gashi da motsa jikin da za a koya masa suna kwantar da shi ba sai an taɓa shi da wuƙa ba. Ta biyun ita ce karkacewar, mai wani dogon suna da har yau harshena bai iya ɗauka ba.

Ɗana ya ce, “Likita, me ke kawo ta?”

Ta ce yawanci ba a san dalili ba, tana tasowa ne lokacin da yaro ke miƙewa. Na yi ƙarfin hali na ce, “'Yata, yawan zama a duƙe fa? Kamar a kan keken ɗinki?” Ta ce, “A'a Baba. Ba zama ba ne, ba ɗaukar ruwa ba ne, ba kuma iska ba ce.” Shekara da shekaru ina ɓoye laifin da ashe ban yi ba, kuma wajen ɓoyewar na yi na gaske.

Ta ce hanyoyin ba su da yawa. In karkacewar kaɗan ce, ana sa ido ne kawai, a riƙa hoto lokaci-lokaci. In ta ɗan yi gaba kuma yaro yana kan girma, akwai wata riga ta roba mai tauri da ake ƙerawa daidai jikinsa, ya riƙa sawa yawancin yini da dare. Ba ta miƙar da ƙashin, amma sau da yawa tana tare shi kada ya ƙara tafiya har girma ya tsaya. In kuwa ta wuce wani mizani, sai tiyata: a buɗe bayan, a sa ƙarafa biyu da kusoshi, a miƙar da abin da zai miƙu, a bar ƙasusuwan wurin su haɗe. Ta nuna wani wuri a hoton ƙugunsa ta ce girmansa ya kusa rufewa, karkacewar kuma ta riga ta wuce inda rigar roba za ta yi amfani. Ta ce, “Ba zan ce tabbas ba, amma da an zo da shi shekara biyu ko uku baya, da rigar za mu fara gwadawa. Ba wanda ya lura a gida?”

Ɗana ya ce shi ba a gari yake ba. Yaron ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na sami wani tabo a silin na tsura masa ido.

Da ta gama sake duba shi, ta ɗauko kaftaninsa daga kan kujera za ta miƙa masa. Sai ta tsaya. Ta matsa kafaɗar hagu da yatsa, ta matsa ta dama. Ta juya rigar ciki waje, ta ɗaga ta sama ta kama kafaɗun biyu, gefe guda ya fi guda tsawo, bayan ya yi ciki ta dama. Siffar yaron ce sak, an juya ta. Ta ce, “Wa ya ɗinka wannan?”

Ga inda nake so a san ko ni wane ne. Kafin kunya ta iso, daɗi na fara ji. Wallahi sai da ƙirjina ya ɗan buɗe, irin na telan da aka yaba wa aiki. Na ce, “Ni ne.” Sai da kalmar ta fita na ji abin da na faɗa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Aikin ya yi kyau, Baba,” ta miƙa wa yaron rigarsa. Ɗana bai dube ni ba. Da muka fito za mu sauka bene, ya riƙe mini hannu ya ce, “Baba, a hankali, matakalar da santsi.” Har yau iyakar abin da ya ce mini ke nan a kan maganar. Da ma ya zage ni, da na sami abin riƙewa.

Aka fara da gashi. Ni nake raka shi, in zauna a benci in ga ana koya masa kwanciya da ɗaga ƙafa da jan ciki, kamar mai koyon iyo a kan tabarma. Kafin damina ta yi nisa ciwon ƙafar ya kwanta, ya koma yin ruku'u. Saura babbar maganar. Unguwa ta ji, kowa ya zo da nasa. Wani ya ce kada a yarda a taɓa laka, ya san wanda aka yi wa bai sake takawa ba. Wani ya kawo sunan mai ƙaho, wata ta aiko da saiwa a ƙulle a leda. Likitar ma ba ta ɓoye mana ba, ta ce aikin babba ne kuma yana da haɗarinsa, amma in an bar irin wannan karkacewa tana iya ci gaba a hankali har bayan girma, wata rana ta takura numfashi. Ɗana ya zo zaure ya tsuguna ya ce, “Baba, me ka gani?” Na ce, “Ni ai na gama nawa ganin. Ka tambayi mai bayan.”

Yaron yana zaune a gefen keke. Uban ya juya, a gabana, ya dubi ɗansa na fari ido cikin ido ya tambaye shi. Yaron ya ce a yi.

Ranar aikin ban iya zama ba, ban iya tsayuwa ba. Na ja carbi har na manta abin da nake ja. Da aka fito da shi aka ce ya motsa yatsun ƙafa ya motsa, ɗana ya duƙa a kansa ya kira sunansa. Sunansa na yanka, da bakinsa. Uwar tana bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Ni na koma bayan labule, don a wurin ban ga abin da ya sa za a ba ni wuri a gaba ba.

Ya yi jinyarsa a Kaduna wajen iyayensa. Abin da na yi ta gudu ya same ni, kuma ba wanda ya yi shi don ya hukunta ni. Can ne kusa da uwa, can ne akwai gado mai kyau. Zaure ya yi mini faɗi. Masu kawo ɗinki suka ce na daina ba'a, wani har ya tambaya ko ciwon suga ne ya kama ni.

Ana saura kwanaki azumi ya ƙare, sai ga Maigida a ƙofar zaure da yadi a leda. Ya ƙara tsawo, sai da ya ɗan rage kai ya shigo. Tafiyarsa a miƙe, da ɗan tauri, in zai ɗauki abu a ƙasa sai ya durƙusa da gwiwa.

Ya ce, “Tsoho, ashe kana nan. Na zo duba kekena.”

Na ce, “Maigida, an ce yanzu in ka wuce makera maƙera binka suke da ido.”

Ya ce, “Ai ni yanzu ko ka mutu ba na rasa jari.”

Muka yi dariya. Na ɗauko tef. Awon da na riƙe a ka duk ya tashi aiki, sai sabo. Ya cire riga ya juya mini baya. Tabon ya sauko tun daga tsakanin kafaɗu har kusa da ƙugu, layi ɗaya, ɗinki mai tsabta. Na ɗora hannu a kafaɗunsa. Ta hagu har yanzu ta ɗan yi ƙasa, kaɗan ƙwarai, abin da auduga siririya za ta gyara. Yatsuna har sun fara lissafin kaurinta kafin in tsawata musu.

Na ce, “Wannan karon yadda kake zan yanka. Ba zan sa komai a ciki ba.” Na ɗauka sai na yi masa bayanin abin da nake nufi.

Bai juyo ba. Yana kallon bango, da muryarsa ta kullum, ba fushi ba zargi, ya ce, “Ai tun rigar farko na ji audugar, Tsoho. Da na ga ba ka ce komai ba, sai na ɗauka abin kunya ne. Shi ya sa ko da ya fara mini ciwo ban gaya wa kowa ba.”